Mota Ba Ɗakin Amarya Ba Ce

Wani sabon yayi ya shigo cikin samarinmu masu noma a Fashaga, kuma ni ba zan ja bakina in yi shiru a kansa ba. Mutum ya sayi tsohuwar Hiace ko boksi domin ya riƙa kwana a gona lokacin shuka da yankan riɗi, wanda dabara ce mai kyau. Amma kafin ya duba taya da birki, sai ya buɗe YouTube ya kalli yadda Turawan Jamus da Amurka ke ƙawata motocinsu na yawon shaƙatawa, ya nufi kafinta a Gadarif ya ce a yi masa irin wannan: kabad tun daga ƙasa har rufi, durowa jere, teburi, har da madubi. Ni kuwa na ce wannan asarar kuɗi ce, wani lokacin ma kasada da rai ce.

Mu fara da sikeli, tunda mu mutanen kasuwar amfanin gona ne. Katakon da ake yin waɗannan kabad da shi, wanda ake haɗawa da garin itace da gam, falle ɗaya mai kaurin milimita 18 yana kai kilo 40. Ƙintar ɗin riɗi kilo 45 ne. Wato duk fallen da ka ƙusa a jikin motarka ka sauke kusan ƙintar guda na abin da za ka kai kasuwa. Falle shida kilo 240 ke nan, nauyin jarka 12 na ruwa masu lita 20. Hiace kuwa abin da za ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da kai da yaranka da mai da abinci.

Sannan a ina za a tuƙa ta? Baturen da kake kwaikwayo kan kwalta yake bi. Mu ƙasarmu, tsakanin kogin Atbara da Setit da Basalam, baƙar laka ce wadda take tsagewa da rani, da damina kuma ta riƙe taya kamar danƙo. Duk wanda ya taɓa kafewa a hanyar Shuwak ko Galabat a watan Agusta ya san abin da ake fara yi: a sauke kaya, a tura. To, kabad ɗin da aka ɗaure da ƙusa yaya za ka sauke shi? Ga shi an ɗora nauyin a sama, mota tana karkata a gangara sai ya ja ta. Ga laima: irin wannan katako da ya sha ruwa sai ya kumbura, ya saki ƙusoshinsa, gargada kuma ta ƙarasa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mun manta a ina muke. Fashaga kan iyaka ce. Tun yarjejeniyar 1902 ake ja-in-ja da Habasha a kanta, sai a ƙarshen 2020 sojojin Sudan suka karɓe mafi yawan filayen. Tun Afrilun 2023 kuma mun ga yadda mutanen Khartum, daga baya na Madani da Sinja, suka kwararo Gadarif a kan duk abin da ke da taya. A ranar irin wannan, darajar mota ita ce yawan mutanen da za ta kwasa. Ko babu tashin hankali, ɗan ƙodago zai yanke da lauje, maciji zai sari wani, mace za ta fara naƙuda cikin dare. Kana buƙatar fili inda mutum zai miƙe a kai shi asibiti, kai kuma ka cike wurin da durowa.

Na san abin da za a ce mini: ai manomi ma mutum ne, yana son tsabta da jin daɗi, ga ƙura ga ɓera. Gaskiya ne, ban kuma ce a kwana kamar buhu ba. Cewa nake maganin yana hannunmu tuntuni. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo yana tsare gari da sukari da takardu fiye da kowane kabad, a ajiye shi ƙasa tsakanin tayoyi a ɗaure da igiya. Angarib ɗin saƙa ba shi da nauyi, iska tana ratsa shi, ka fitar da shi waje in zafi ya haura digiri 40, ka ɗauki marar lafiya a kansa. In kana son kanta, mai walda ya yi maka ta da siririn ƙarfe a kan noti, yadda za ka kwance ta cikin minti kaɗan. Tukunyar gas a ɗaure ta tsaye kusa da ƙofa, da kafa a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake taruwa in ya tsiyaye. Kuɗin madubi kuwa ka sayi gidan sauro mai magani, domin nan yankin kala-azar ne, ƙudan da ke kawo shi yana son baƙar ƙasa da dajin aduwa.

Maƙeran Sudan sun daɗe suna sake fasalin lorin Bedford, wanda ake kira Sifinja, har ya dace da hanyoyinmu, suna farawa da tambayar abin da hanya za ta yi wa mota. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903 kayan da suke iya ɗauka da saukewa ne suka kawo su nan. Kafintocinmu ma ina roƙonsu su riƙa faɗa wa samari gaskiya ko da cinikin zai ragu. Mai son jere ya yi wa amaryarsa a gida. Motar gona a bar mata fili, a rage mata nauyi, a ɗaure komai a ƙasa.