Wa ke leƙa madafar gidan abinci?

A Amarawa, kamar sauran garuruwan bakin iyaka tsakanin Illela da Birnin Kwanni, cin abinci a waje larura ce ta matafiyi. Ranar Lahadi, idan kasuwar Illela ta ci, direban babbar mota da dillalin shanu da ɗan dako duk a rumfa ɗaya suke zama. Mai tuwo a gabanka take kwashewa, kana ganin tukunyarta da ruwan da take ɗauraye kwano. Mai tsire ya jera tsinkensa a tukuba, ka nuna wanda ranka ya so. In nama ya kwana, hanci zai gaya maka kafin mai shi ya buɗe baki, in kuwa ya cuce ka, ka san ƙofar gidansu. Ba na da'awar tsabta ta wadata a rumfunan nan, ƙuda ma shaida ne. Amma dai mai ci yana da ido a kan abin da zai kai baki.

Wannan idon ne mutum ke ajiyewa a bakin ƙofa idan ya shiga gidajen abincin zamani da suka yawaita a Sakkwato da Kano da Abuja. A da, magidanci ya zauna cin abinci a waje abin kunya ne, sai a ce gwauro ne ko uwargida ta yi yaji. Yau shi da kansa ke kwasar iyali, musamman da sallah, a je a sha sanyin na'ura, a ci kaza da shawarma, matasa kuma su raba dare a wuraren shan shayi da kofi. Ban ga laifin wannan ba. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje da dama. Damuwata ita ce bangon da ya raba teburi da madafa.

Mai karatu ya san halin wutar lantarkinmu. Kazar da ta narke a firji da rana, ta sake daskarewa da dare, ba ta nuna alama idan ta sha yaji. Haka man suyar da aka maimaita har ya yi baƙi, da latas da kabejin da aka wanke da ruwan da ba a san rijiyarsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta da na cefane suka haura, zubar da ragowar jiya ya zama asarar da ba kowane mai gidan abinci zai jure ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta, kuma ruwa ne farkon abin da madafa ke buƙata.

To, aikin wa ne leƙawa? Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci. Dattawanmu suna tuna duba-gari, wanda jin ƙarar kekensa kaɗai kan sa a rufe randa, a share kwata. Har yanzu ana horar da jami'an nan, amma abin da mai gidan abinci ya fi sani daga ƙaramar hukuma shi ne mai rasitin haraji.

A birnin New York na Amurka, tun 2010 aka wajabta wa gidajen abinci manna sakamakon bincikensu a inda mai wucewa zai gani, harafin A ko B ko C. Ba wata fasaha a ciki: takarda ce da sa hannu. Amfaninta shi ne tana mayar wa mai ci idon da bango ya ƙwace masa, ta kuma sa mai tsabta ya ci ribar tsabtarsa. Na san abin da wani zai ce, a ƙasar nan takardar ma sayenta za a yi. Mai yiwuwa ne. Shi ya sa nake so a rubuta sunan jami'in da ranar da ya zo, domin idan ciki ya ɓaci a san wanda za a tambaya.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ina kira ga shugabannin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu su fara gwada wannan a manyan gidajen abincin cikin birni, kafin damina mai zuwa. Na Illela kuma ya fara da ruwa: famfon burtsatse mai aiki kusa da rumfunan masu tuwo, da wurin zubar da ruwan wanke-wanke nesa da inda ake zama.