KAI DISH BAYAN RUMBU BA SHI NE TUBA BA

Wani sabon salo ya shigo garin Kura da garuruwan da ke kewaye da shi, tun daga Kadawa da Garun Malam har zuwa Bunkure, wanda ya kamata jama'ar Musulmi su tsaya su dube shi da idon basira. Da zarar Malam ya yi wa'azi mai zafi a kan ɓarnar da talabijin ke yi wa tarbiyyar yara, ko kuma maigida ya fara samun gurbi a sahun gaba na masallaci, sai ka ga washegari an aika a kira yaro mai haɗa dish. Mai tsammanin cire shi za a yi, ko rage tashoshi, ya yi kuskure. Sauko da shi za a yi daga saman soron ƙofar gida inda kowa ke gani, a kai shi can ƙuryar gida bayan rumbu, inda mai wucewa ba zai hango ba.

Duk wanda ya taɓa ganin wannan aiki ya san yadda yake gudana. A haƙa rami, a kafa ƙarfe, a zuba siminti, a sayo ƙarin waya. Yaro yana juya faranti a hankali, wani yana gaban akwati yana jiran hoto. Can sai yaron ya ce, "Alhaji, reshen darbejiyar nan fa ya tare, ba zai kawo ba." Maigida ya ce, "Sare shi, ɗana, in dai ba za a hango daga waje ba." A sare inuwar da mata ke surfe a ƙarƙashinta, yara su yi ihu "Ya kawo!", Alhaji ya biya kuɗin aiki, ya ɗauki carbi ya nufi masallaci, wai shi ya gyara gidansa. Kaico! Wa ake yaudara?

Ai ko shi yaron mai haɗawa ya san gaskiyar lamarin. Taurarin ɗan Adam da ke watso waɗannan tashoshi suna can sama da nisan kilomita wajen 36,000, a saitin layin da ya raba duniya biyu, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa kullum suke a wuri guda a sararin sama. Faranti kuwa ba ya kamawa sai ya fuskanci tauraronsa sak, ba bango ba bishiya a tsakani. Wanda ya saita nasa a Nilesat, na ƙasar Masar, wanda aka fara harbawa a 1998, daga Kura kudu maso yamma zai duba. Mai Arabsat kuwa kudu maso gabas. Ko a kan soro aka kafa shi, ko bayan rumbu, ko gefen turken awaki, fuskarsa tana nan inda take, kuma abin da ya shigo jiya shi ne zai shigo yau. Abu ɗaya tak ya canja: maƙwabta sun daina gani. Wannan kuwa sunansa tsoron mutane, kuma wanda ya ji kunyar maƙwabci bai ji kunyar Mahaliccinsa ba, ya san inda ya ajiye imaninsa.

Kada wani ya ɗauka abin da ke saukowa ta wannan faranti ruwan sama ne da ba shi da mai shi. Tun yaƙin Tekun Fasha na 1991, lokacin da duniya ta kalli ruwan bama-bamai a kan Bagadaza ta idon CNN, masu hankali suka gane cewa mai tasha shi ne mai labari. A 2014 aka buɗe Arewa24, tashar Hausa zalla, kuma da kuɗin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka aka kafa ta, ta hannun ƙungiyar Equal Access. A 2015, a birnin Johannesburg, shugaban Sin Xi Jinping ya yi alkawarin kai talabijin na tauraron ɗan Adam ƙauyuka 10,000 a Afirka, aka ba kamfanin StarTimes aikin, Najeriya ta samu ƙauyuka 1,000. Manyan ƙasashe ba sa zuba dukiya a banza. Sun san darajar sa'o'in da ɗan manomi ke yi a gaban akwati. Ubansa ne kawai bai sani ba, shi damuwarsa kada a hango ƙarfe daga titi.

To shin mafita ita ce a ɗauko guduma a farfashe? Masu wannan ra'ayi su waiwayi tarihi. Saudiyya ta haramta dish a 1994. Iran ma ta kafa dokar hani a tsakiyar shekarun 1990, amma a 2016 sai da aka tara faranti da na'urori 100,000 a Tehran aka murƙushe, alamar cewa bayan shekara ashirin doka ba ta raba mutane da shi ba. Nan Kano an ƙaddamar da Shari'a a 2000, an kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, amma ikonta bai kai sararin samaniya ba, balle ɗakin matar wani. Yau kuma ga wayar hannu a aljihun kowane saurayi, wadda ba ta buƙatar rami ko siminti. Sannan adalci ne a faɗa: ta wannan farantin ne tsohuwar da ba ta taɓa zuwa Makka ba take kallon tarawihi daga Harami, ta nan ake jin tafsiri, ta nan ake ganin halin da Musulmin Falasɗinu ke ciki. Ƙarfe ba ya da laifi. Laifin na wanda ya buɗe ƙofa ya tafi ya bar ta ne.

Abin mamaki, babu wanda ya kai manomin Kura sanin wannan darasi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake biyo babbar hanya ya rarrabu zuwa gonaki, shi ne arzikin shinkafa da alkama da tumatir da albasa na wannan yanki. Amma wane manomi ne zai buɗe ruwa a gonarsa ya tafi gida ya kwanta? Ya san ruwan da ke raya shuka shi ne ke ruɓar da saiwa in ya kwana. Yana tsaye a kansa, ya buɗe wannan fangali, ya toshe wancan, in ya ƙoshi ya datse. In dare ne rabonsa ya faɗo, da tocila zai fita cikin sanyin hunturu. Mutumin da ke yi wa tumatir wannan gadi, shi ne zai sakar wa 'ya'yansa tashoshi ɗari-ɗari tun daga la'asar har tsakar dare, rimot a hannun ɗan shekara bakwai, shi kuma yana majalisa ana cacar baki a kan farashin taki. Ashe kwandon tumatir ya fi ɗa daraja?

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A tambayi malaman Islamiyya da na makarantun dare yadda aji ke zama in lokacin wani shiri mai dogon zango ya yi. A duba yawan yaran da ke sahu a sallar magariba. A saurari yarinyar da ta haddace sunayen 'yan wasan Indiya da dangantakarsu kaf, amma farillan alwala sai ta yi inda-inda. Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 6 cikin Suratut Tahrim, Ya ɗora wa muminai nauyin tsare kansu da iyalansu daga wuta, kuma Manzon Allah (S) ya kwatanta maigida da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa. Ranar wannan tambaya ba za a ce a ina ka kafa faranti ba. Za a ce me ya shiga idon 'ya'yanka, kuma kana ina?

Saboda haka duk wanda ya kira yaro mai haɗa dish, to ya sa shi aikin da zai amfane shi. Ya zauna tare da shi a bi tashoshin nan ɗaya bayan ɗaya, a goge na gogewa, a sa wa sauran lambar sirri, domin na'urorin suna da wannan makulli, kuma kada lambar ta wuce maigida da uwargida. Akwatin ya zauna a inda babba ke zama. Daga kiran magariba zuwa bayan isha a kashe, lokacin salla da karatu ne. In za a kalla, uba ya kalla tare da iyalinsa, ya ji abin da suke ji, ya gyara na gyarawa. Su kuma malamai masu wa'azi su daina auna taƙawar mutum da abin da ke saman soronsa, domin wannan ma'auni shi ya koya wa mutane ɓoyo maimakon gyara.

Darbejiyar da aka sare za ta sake toho in damina ta zo. Yaron da ya tashi a hannun rimot kuwa, gyaransa sai wani ikon Allah, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba iyaye ikon riƙe amanar da Ya ba su, Ya shiryi zuriyar Musulmi baki ɗaya, amin.