Arlit: Ma'adini ya dawo hannun Nijar, amma wa ke riƙe da sirrin kayan gyara?

A ranar 19 ga Yunin 2025 gwamnatin mulkin sojan Nijar ta sanar da mayar da kamfanin SOMAIR mallakin ƙasa, matakin da ya kawo ƙarshen rinjayen Orano na Faransa, mai kashi 63.4 cikin ɗari na hannun jari, a ramukan yuraniyom na Arlit da ake haƙa tun 1971. Tun daga lokacin muhawara ta fi karkata ga wanda zai sayi hajar da kuma ƙarar da Orano ya shigar a kotunan sasanci na duniya. Sai dai ga makanikin da ke kwana da injinan masana'antar, tambayar da ta fi kusa ita ce: ranar da famfo ya tsaya saboda ƙarfe ɗaya ya cinye, daga ina za a samo madadinsa?

Garin ya riga ya ɗanɗana irin wannan matsi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, rufe iyaka da Benin ya toshe hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda ta nan sinadarai da kayan aiki ke shigowa, ta nan kuma yuraniyom ke fita. A watan Satumban shekarar SOMAIR ya dakatar da sarrafa ma'adini saboda ƙarancin sinadarai. Ko a lokacin da iyaka ke buɗe, sai kaya ya ratsa Benin, ya bi Tawa da Agadas, sannan ya ƙarasa kusan kilomita 240 na hanyar da ta lalace kafin ya isa Arlit.

Ga wuri mai nisa irin wannan, fasahar buga kaya da na'urar 3D tana da jan hankali. Maimakon a sassaƙa ƙarfe ko a zuba shi a ma'auni, na'urar tana karanta zane daga kwamfuta, ta riƙa ɗora narkakken roba ko garin ƙarfe hawa-hawa har abin ya fito. A 2017 kamfanin Siemens ya buga farfelar famfon kashe gobara mai faɗin milimita 108 don tashar nukiliyar Krško a Slobeniya, domin kamfanin da ya ƙera ta asali ya daina aiki. A Lome kuwa, tun 2013 Afate Gnikou na cibiyar WoeLab ya harhaɗa irin wannan na'ura daga tarkacen kwamfutoci. Wato mallakar na'urar ba shi ne babban cikas ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne sanin halin abin da aka buga. Garin ƙarfe iri ɗaya, idan aka narka shi a na'urori biyu, ko a na'ura ɗaya da saiti daban, yana iya ba da ƙarfi daban. Zafin hasken leza, saurinsa, kaurin kowane hawa da yadda aka gasa kayan bayan bugu, duk suna canza sakamako. Abin da aka buga a tsaye ba ya jure ja kamar wanda aka buga a kwance, saboda mahaɗar hawa-hawa ce ke fara tsagewa. Ƙananan kofofin iska da ido ba ya gani kan zama mafarin karaya bayan watanni na girgiza. Hatta robar PLA, wadda ta fi arha kuma ta fi yawa a kasuwa, tana fara laushi a zafin digiri 60, zafin da cikin motar da aka ajiye a rana ke kaiwa a bazarar Arlit. Masana'antar kuma da ruwan asid na salfa take narkar da dutsen yuraniyom, don haka kayan da ba a gwada juriyarsa ba haɗari ne ga ma'aikaci.

Shi ya sa manyan ƙasashe suka zuba kuɗi a rumbunan bayanai. Ƙungiyar ASTM ta kafa kwamitin F42 kan wannan fasaha a 2009, hukumar ISO ta biyo da nata a 2011, kuma yanzu tare suke fitar da ƙa'idoji. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, tana da rumbun sakamakon gwaje-gwaje da ta buɗe wa masu bincike, kamfanin Senvol kuma yana da jerin na'urori da kayan bugu da kowa ke iya dubawa kyauta a intanet. Amma bayanan da injiniya ke buƙata kafin ya sa hannu a kan kayan da rai ya rataya a kansa, galibi suna kulle a hannun kamfanoni ko ƙawancen da sai mai biyan kuɗin zama mamba ke shiga. Waɗanda ake bayarwa kyauta ma an auna su ne a ɗakunan gwaji masu sanyi, nesa da ƙurar Sahara.

Mutanen Arlit sun fi kowa sanin illar ƙarfen da ba a san tarihinsa ba. A ƙarshen 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, da taimakon ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, ta gano tarkacen ƙarafa masu tururin nukiliya ana sayarwa a garin, irin waɗanda maƙera ke mayarwa kayan amfanin gida. Binciken Greenpeace na 2009 ya sake tabbatar da hakan. Da a ce kowane ƙarfe da ya fita daga masana'anta yana da takardar inda ya yi aiki da abin da ya taɓa, da bai kai ga ɗakin girki ba.

Akwai wani rumbun da ke zubewa a hankali. Lokacin da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan a ranar 31 ga Maris 2021, bayan fiye da shekara 40 tana aiki, ma'aikata kusan 600 sun rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. A cikinsu akwai masu walda da makanikai da suka san wane ƙarfe ke jure asid, wane roba ke tsagewa kafin damina. Idan ba a rubuta wannan sani ba, zai tafi tare da su.

Aikin da ke gaban hukumomi ba ya buƙatar jiran na'ura mai tsada. Ana iya fara lissafa kayan da suka fi yawan lalacewa a SOMAIR da tashar wutar SONICHAR ta Tchirozérine, a auna su, a zana su a kwamfuta, a rubuta irin ƙarfensu da tsawon rayuwarsu. Makarantar ma'adinai ta EMAIR da ke Agadas, da EMIG ta Yamai, da Jami'ar Agadas za su iya ɗaukar nauyin ɗakin gwaji mai injin ja da murhun auna zafi. A soma da marfi, maɗauri da sauran kayan roba da karyewarsu ba ta kisa, a kuma wallafa kowane sakamako yadda gareji a Agadas ko Maraɗi zai amfana. Injiniyoyin Nijar da ke ƙetare na iya duba zane da sakamakon gwaji daga inda suke.

Batun ya fi muhimmanci yanzu da Yamai ke neman sabbin abokan hulɗa, ciki har da Rasha. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla kan injina ya kamata ta fayyace cewa zanen kayan gyara da bayanan ƙarafansu za su zauna a Nijar. In ba haka ba, ƙasar za ta mallaki rami da masana'anta, amma duk ranar da famfo ya tsaya sai ta jira wani daga waje ya ga dama ya turo mata madadi.