A San Sunan Tsiro Kafin A Ɗaga Adda

A makarantu da gidaje da dama na ƙasar Hausa akan wayi gari an sare tsohuwar darbejiya ko mangwaro, saboda saiwa ta tsaga gini ko rassa sun kai ga wayar lantarki. Da zarar ruwan farko ya sauka, sai filin da ya shekara talatin cikin inuwa ya cika da 'yan itatuwa waɗanda ba wanda ya san sunansu. Abin da kan biyo baya sananne ne: ranar shara a raba wa ɗalibai adduna, kafin la'asar an mai da wurin fako. Wannan al'ada kuskure ce. Kamata ya yi a ɗaga wa tsirran ƙafa tsawon damina guda, a gane kowanne, sannan a yanke hukunci.

Daga ina suke fitowa? Wasu tsofaffin kututture ne da saiwoyi waɗanda inuwa ta danne amma ba ta kashe ba. Wasu iri ne da ya daɗe kwance cikin ƙasa, domin akwai ƙwayoyin da ba sa tsira sai sun sami hasken rana sosai; hasken da ya ratso ganye ba ya tashinsu. Wasu kuma tsuntsaye da jemagu ne suka kasayar da irinsu lokacin da suke kwana bisa bishiyar.

Ƙasar Maraɗi ta nuna darajar irin wannan toho. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai da zurfin saiwa. Aka soma barin rassa kaɗan mafi ƙarfi a kan kowane kututture, ana datse sauran. Wannan dabara, wadda ake kira sassabin zamani, ta taimaka wajen farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya yi aiki a gona zai yi a lambun makaranta.

Gane tsiro ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, ido da haƙuri sun isa. A dubi zaman ganye a jikin reshe: biyu-biyu suke suna fuskantar juna, ko ɗai-ɗai? Akwai ƙaya? Akwai farin ruwa idan aka karya? Alal misali, ganyen kalgo a rabe yake gida biyu kamar tafin raƙumi. Na sabara toka-toka ne, bayansa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Magarya tana da ƙaya biyu-biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, ga jijiyoyi uku da suka taso daga gindin ganye. Aduwa kuwa ganyenta tagwaye ne, ƙayarta doguwa koriya.

Sai dai ganye kaɗai yakan yaudari mutum. Sabon toho daga kututture yakan fito da ganye manya fiye da na uwar, kuma ganyen inuwa ya fi na rana faɗi da laushi. Shi ya sa masana suka fi dogara ga fure da 'ya'ya, shi ya sa kuma jiran damina ya zama wajibi. Bugu da ƙari, lemo ko mangwaron aure idan ya toho daga ƙasan mahaɗa, tushen da aka ɗora shi a kai ne ya farfaɗo, ba irin mai zaƙin da aka sani ba.

Masu son a share wurin nan take suna da hujja: duhuwa maɓoyar macizai ce, kuma cikin tsirran akwai masu guba. Gaskiya ne. Ruwan tumfafiya yana illa ga ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma kan sa yara amai da gudawa idan suka ci. Amma wannan hujja ce ta sani, ba ta sara a makance ba. Yaron da aka nuna wa bini-da-zugu a makaranta zai guje shi a shingen unguwa, inda ba malami. Game da macizai kuwa, a nome ciyawar tsakani, a kafa wa kowane tsiro fegi da lamba.

Wasu za su ce wayar hannu ta wadatar, tunda manhaja irin Pl@ntNet tana ba da suna daga hoto. Amsarta hasashe ce, a ɗauke ta mafarin bincike. Tabbaci yana wurin mutane da littattafai. A fara da tsofaffi, makiyaya da masu maganin gargajiya, kamar yadda J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916. Amma a kula: tsiro ɗaya kan sami suna da yawa, kamar darbejiya, dogon yaro, maina da bedi, yayin da sunan kalgo ya haɗa jinsi biyu, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii. Maganin wannan ruɗani shi ne tsarin suna biyu da Linnaeus ya kafa a 1753. Wanda ya gagara, a yanki reshe mai ganye da fure, a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu, ana sauya su kullum har ya bushe, a rubuta rana da wuri, a kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Saboda haka, kira ga shugabannin makarantu shi ne su miƙa irin wannan fili ga malamin ilmin halittu. Kowane ɗalibi ya ɗauki tsiro guda, ya auna tsawonsa duk mako, ya zana ganyensa, ya nemo sunansa. Da kaka aji ya zauna ya tantance: mai amfani a yi masa aski a bar shi, mai cutarwa a tuge shi da saiwa. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Magaryar da ta shekara talatin tana jiran rana ta cancanci a tambayi sunanta kafin adda ta sauka.