ZAUREN 'YAN MATA: Wayar Da Ta San Inda Kike, Wa Take Faɗa Wa?

A wannan fitowa na so mu ci gaba da maganar kayan lefe da muka faro, to amma sai ga wata wasiƙa daga Safana wadda na karanta har sau uku, na ga ba ta jiran wata mai zuwa. Masu jiran maganar lefe ku yi mini afuwa.

Mai wasiƙar ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ɗaliba ce a Dutsin-ma, tana zuwa gida Safana duk ƙarshen mako, wani lokaci ta zarce Batsari wurin kakarta. Ga abin da ta ce: "Anti, wanda zan aura ya ce in ba shi 'yar ƙaramar wayata mai tocila, shi kuma ya sayo mani babba mai GPS, wai saboda halin da hanyarmu take ciki, ko da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, zai san inda nake. Yayana kuma ya ce babbar waya a hanyar nan jan ido ce kawai. Ni kam na rasa maganar wa zan ɗauka. Kuma ba zan ɓoye maki ba Anti, ina son wayar."

To ƙanwata, ai son babbar waya ba laifi ba ne, wa ya ƙi daɗi? Kuma ban ga laifin tunanin angon naki ba, domin duk wanda yake da nasa a Batsari ko Safana, ko Ruma ko Runka, ya san yadda gaba ke faɗuwa in an kira waya sau biyu ba a ɗauka ba. Maƙwabtaka da dajin Rugu ta koya wa mutanenmu abin da ba su nema ba. Sai dai akwai abu guda da shi bai fahimta ba, kuma na lura 'yan mata da yawa ba su fahimta ba: GPS kunne gare shi, ba shi da baki.

Bari in warware maki. Can sama, nisan kilomita wajen 20,000, akwai taurarin ɗan'adam na ƙasar Amurka kimanin 30 da suke kewaya duniya, kowanne sau biyu a rana. Aikin kowanne ɗaya ne, ba dare ba rana: yana shelar sunansa, da inda yake, da daidai lokacin da ya yi shelar. Wayarki sai ta kasa kunne, in ta ji muryar huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin isowar kowace murya, ta yi lissafi ta gane inda take tsaye, har ta nuna maki ɗan shuɗin ɗigon nan a kan taswira. In kina fili, kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci, wato kamar daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya. Amma tauraron bai san da zamanki ba, kamar yadda mai karanta labarai a Rediyon Jihar Katsina bai san ko kin kunna rediyonki ba. Wayar ce ta san inda kike, ita kaɗai. Kafin wani ya sani, sai ta aika masa, aikawa kuwa sai da sabis da data.

Asalin abin ma na sojoji ne. A 1983 Tarayyar Sobiyat ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya ya shiga samaniyarta, mutum 269 suka halaka, shi ne shugaba Reagan ya yi alkawarin za a bar farar hula su amfana da shi. Ko da aka bari, da gangan ake dagula lissafin don kada ya yi daidai sosai, sai a shekarar 2000 aka daina. Yanzu Rasha da Sin da Tarayyar Turai duk suna da nasu taurarin, kuma wayoyin yanzu da yawa suna sauraren fiye da ɗaya. Wanda angonki yake hange a zuciyarsa, wato wayar da ke magana da tauraro kai tsaye ko babu ƙarfen sabis, wannan ita ce irin su Thuraya, kuma ba ita ce Tecno ko Infinix da zai sayo maki a kasuwa ba.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a wurinmu, domin mun ɗanɗana. Ku tuna watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara da ita kanta Dutsin-ma, don a toshe wa ɓarayin daji da infomominsu hanyar magana. Aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan. Watanni aka kwashe a haka, sai a Disamba aka soma maido da shi. A lokacin nan wadda take da wayar dubu ɗari da wadda take da 'yar rakani-kashi duk ɗaya suke, mai son gaida uwarsa sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake. Amma kun san wani abu? Duk tsawon watannin nan GPS yana aiki a Batsari garau, ko minti ɗaya bai tsaya ba, domin babu gwamnan da ke da makunnin tauraro. Da kin fito tsakar gida kin ɗaga wayar, za ta san inda kike. Sai dai wa za ta faɗa wa? Yau ma da sabis ya dawo, duk mai bin hanyoyin ƙauyukanmu ya san wuraren da sandunan sabis ke zubewa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, kuma galibi nan ne wuraren da aka fi tsoro.

Saboda haka in maganar ita ce "zan san inda kike in wani abu ya faru", gaskiya ɗaya ce, abin da zai gani shi ne wuri na ƙarshe da wayar ta samu sabis. Wannan ma wani abu ne, ban raina shi ba, yana iya nuna wa masu nema ta inda za su fara. Amma mugu ba ya barin waya a hannun wanda ya kama, ita yake fara karɓa. A nan ne maganar yayanki take da nauyi. Babbar waya ba ido kawai take ja ba, tona asiri take yi: hotunan gidanku, motar kawunki, bikin da kika sha leshi, saƙon banki mai nuna ko nawa ne a asusu. 'Yar mai tocila ba ta da abin da za ta faɗa sai sunaye da lambobi.

Kada ki ce Anti ta kashe maki kasuwa. Babbar waya tana da ranarta, kuma rana babba. Ranar da za ki je rubuta jarabawa a wata cibiya a Katsina ko Kano da ba ki taɓa zuwa ba, ita za ta kai ki har ƙofa ba tare da kin tsaya tambayar kowane ɗan achaɓa ba. Ranar da kika hau Keke Napep da magariba kika ga direba ya saki hanya, kallo ɗaya za ki yi wa taswira ki gane. Kuma akwai dabarar da 'yan mata da yawa ba su sani ba: a Google Maps ana iya sauke taswirar yanki guda a ajiye a cikin waya tun kina inda sabis yake da ƙarfi. Ki sauke daga Katsina har Batsari da Safana da Dutsin-ma, to ko babu data ɗigon nan zai nuna maki inda kike a kan titi. Sai dai ki yi haƙuri da ita, in babu sabis takan ɗan jima tana laluben taurarin, kuma a cikin ɗaki mai rufin kwano ba ta ji sosai, sai kin fito fili. Kada kuma ki ɗauka taswira ta san komai. Ta san titin kwalta, amma burtali da hanyar babur da ke ratsa gonaki sau da yawa babu su a ciki, wasu ƙauyukan ma ko sunansu babu. Balle kuma ta san hanyar da ba a bi bayan la'asar. Wannan ilimi yana bakin direbobin tasha, ki riƙa tambayarsu.

Sai batun caji, wanda shi ne ke kayar da babbar waya ƙasa warwas. Taswira a buɗe, fuskar waya tana haske, data a kunne, ga wayar tana ta wahalar neman sabis a inda babu, kafin ki kai inda za ki batir ya yi ja. 'Yar ƙaramar kuwa caji ɗaya sai ta yi kwanaki, ta faɗi ƙasa ki ɗauka ki haɗa ta ci gaba da aiki, ga tocila, ga rediyo. Kuma saƙon tes yakan samu ya fice da sandar sabis guda, a inda WhatsApp zai tsaya yana ta juyi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu bari mu zo inda na fi so ku buɗe kunne, ke da duk mai karatu. Na ce wayar ba ta faɗa wa kowa inda kike sai da sabis. To a cikin gari, inda sabis yake cike, wa take faɗa wa? Duk wanda aka buɗe masa ƙofa. Tun 2017 WhatsApp ya kawo tura lokeshan mai tafiya da mutum, wanda za ki zaɓa na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, in lokacin ya cika ya mutu da kansa. Wannan mai kyau ne, domin ke kika kunna, kuma kina iya kashewa. Kin shiga mota a Dutsin-ma, ki tura wa yayanki ko Baba na awa ɗaya, kin sauka lafiya shi ke nan. Amma akwai wata ƙofar ta baya. Saurayi ya sayo waya, ya ce bari ya saita maki don kada ki wahala, ya sa imel ɗinsa a ciki, ya miƙo maki a kwali da murmushi. Daga ranar, yana kwance a ɗakinsa zai iya buɗe manhajar neman waya ta Google ya ga inda wayar take, ya sa ta yi ƙara, ya kulle ta, har ya goge duk abin da ke ciki. An yi wannan ne don wayar da aka sace, ba don budurwa ba.

Na san za ki ce ai shi ba haka yake ba. Ina fata. Amma a wannan zaure mun sha karanta wasiƙun da suka fara da "don tsaronki" suka ƙare da "me kika je yi unguwar su wance ranar Talata?" So hana ganin laifi ne, kuma ba kowane sa rana ne yake kaiwa ga ɗaurin aure ba. In aka fasa, akwati yana komawa gidansu, amma imel ɗinsa yana nan a cikin wayarki yana bin ki makaranta da kasuwa da gidan wanda zai fito daga baya. Ni a ganina namijin da tsaronki ne ya dame shi ba zai ji haushi ba in kika ce lokeshan ɗinki na hanya yayanki da mahaifinki za ki riƙa tura wa, shi ma ki tura masa ranar da kika ga dama. In kuwa ya ɓata rai ya ce sai dai shi kaɗai, kuma kullum, to kin samu amsar tambayar da ba ki yi mini ba.

Af, kafin in manta, 'yan Snapchat ku duba taswirarsa, domin in kun kunna tana nuna wa ƙawaye inda kuke, har da "ƙawayen" da ba ku taɓa gani ido da ido ba. Akwai wurin ɓoye kai a ciki mai hoton fatalwa, ku danna shi. Haka kyamara, in an bar mata lokeshan a kunne takan liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi a ɓoye. A yankin da infoma ke cin abinci da sanin gidan wa aka kawo kaya, ɗora hoton lefe da sitatus ɗin "gobe sai Batsari" ba wayewa ba ce.

To me za ki yi? Ki karɓi wayarki ki yi godiya, da sanin iyayenki. Amma ki buɗe imel naki na kanki, da lambar sirrin da ke kaɗai kika sani, ki rubuta ta a wani wuri a gida. In har ya riga ya sa nasa, ki ce ya cire a gabanki kafin a wanke wayar, domin in aka wanke ta ta ƙarfi da imel ɗinsa a ciki tana iya kullewa ta ce sai shi. 'Yar mai tocilar kuwa kada ki bayar, ki ce ta tarihi ce. Ranar tafiya ita ce a hannu, da kati a ciki, da layin kamfanin da ya fi kamawa a hanyarku, babbar kuma tana ƙasan jaka da taswirarta a sauke, an rage mata hotuna da saƙonnin banki. Lambobin Baba da yaya da kawu ki haddace biyu, sauran ki rubuta a 'yar takarda ki soke a cikin littafi, domin waya tana iya barin hannunki ko wacce iri ce.

Ke kuma 'yar uwa daga Kurfi da kika tambayi yadda ake fitar da tabon lalle daga farin mayafi, na ga wasiƙarki, amsarki tana fitowa ta gaba tare da cikon maganar lefe.

Taku har kullum,
Antinku.