Kwanan Otal a Birni: Da Kuɗin Wa?

Duk mutumin Gaya ko Ajingi da ya taɓa shiga manyan otal-otal na Kano, ya san akwai duniya biyu a jiha guda. A can ana zama kan tebur mai farin ƙyalle, ma'aikaci sanye da kwat ya miƙo maka takardar jerin abinci, ka ci da wuƙa da cokali mai yatsu, sa'an nan ka hau bene ka kwanta cikin sanyin na'ura. Kuɗin kwana ɗaya a wasu ɗakunan ya fi Naira 70,000, watau albashi mafi ƙanƙanta na wata guda da Gwamnatin Tarayya ta yanke a 2024.

Ni dai ba na ƙin otal. Kano gari ne na ciniki tun zamanin fatake, kuma baƙon da ya taso daga Ikko ko Ingila dole ya sami masauki mai tsabta. Attajiri kuwa in ya ci da guminsa, wa zai hana shi? Abin da ya dame ni shi ne kuɗin jama'a.

Mu duba tarihi. Gwamnatin Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ta kawo Otal ɗin Daula a cikin birni da na Bagauda a hanyar Tiga. A zamaninsu abin alfahari ne. To, ina suke yanzu? Na Bagauda ya zama Makarantar Koyon Aikin Lauya. Daula kuwa ya lalace, aka ba 'yan kasuwa filin, daga baya a 2023 aka rushe abin da suka gina a wurin. Amma madatsar ruwa ta Tiga, wadda shi ma aikin Audu Baƙo ne, har yau manoman Kadawa na noman rani da ruwanta. Kai mai karatu, wanne ne ya fi amfanin talaka?

Wani abin mamaki kuma, sau da yawa in za a yi taro kan zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin malamai a ƙauyuka, sai a kama zauren otal a birni. A ci kaji, a sha lemo, a karɓi kuɗin zama, a watse. Haba jama'a! Wanda bai taɓa ganin aji mai yoyo da damina ba, yaya zai san maganinsa daga bene na uku? (Gero da waken da ake juyawa a ba su da sunan Turanci ma, da dama daga gonakin irinmu suka fito.)

Shawarata ita ce, taron da ya shafi Gaya a yi shi a Gaya, na Ajingi a Ajingi. Akwai sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai zauren makarantarmu. Mahalarta su ci tuwo da miyar kuka daga hannun matan garin, su sha fura, a biya su. Rarar kuɗin kuwa a sayo mana kujeru da alli.