A Fito da Littattafai Daga Cikin Kabad

Ya ku 'yan makaranta, akwai masu cewa wai ba a iya tara samari wuri guda a koya musu ilmi da zumunci sai an sayo kaya masu tsada daga Turai. Mu dai ba mu yarda ba. Kayan aikin suna nan gida, ƙura ce ta rufe su.

A 1933 aka sa gasar ƙaga labari daga Zariya, wadda ta haifi Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar. A 1937 kuma Magana Jari Ce na Malam Abubakar Imam ya fara fitowa, don 'yan makaranta aka yi shi. To, ina amfanin littafin da malami ya kulle don tsoron kada ya yage? Haba! Gwamma ya yage a hannun yaro da gara ta cinye shi.

Bayan la'asar ku zauna gindin itace, ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara, a yi ta gardama bisa hikimar aku da makircin Waziri. Nan ɗan birni da ɗan ƙauye za su san juna. Malamin da ya hana ku mabuɗi, ku tambaye shi dalili cikin ladabi, gobe ma ku koma.